Ba ka da uwa a gindin murhu, ta yaya za a buga komik ɗinka?

Tambayar da aka fi turo min ke nan tun da na fara saka zane-zanena na komik, wato labarin da ake bayarwa da jerin zane, a intanet. Wani zai ce yana da labari a kansa shekara uku yana juya shi, wata ta ce ta cika littafin zane biyu da jarumanta, amma duk inda aka je aka dawo magana ɗaya ce, "ni fa ban san kowa a harkar ba, wa zai kalle ni?" To bari in faɗa maka abin da na gane bayan na daɗe ina ƙwanƙwasa ƙofofin nan. Edita shafuka yake nema, shafukan da aka gama, masu farko da tsakiya da ƙarshe, waɗanda zai karanta ya gane abin da ke faruwa ba sai ka tsaya a kansa kana masa bayani ba. Gaskiya ne da ɗan gari akan ci gari, sanayya tana sa a buɗe imel ɗinka da wuri, amma ba ta taɓa zana wa kowa shafi ko ɗaya ba, kuma mafi yawan masu kukan rashin hanya in ka ce su nuna maka labari guda da suka kammala sai ka ji shiru.

Don haka abu na farko, kuma na san ba zai maka daɗi ba, ka ɗan ajiye wannan gagarumin labarin naka mai littafi goma sha biyu da masarautu bakwai da tarihin kakannin jarumi. Ba cewa na yi ka yar da shi ba, ajiye shi dai. Ka yi lissafi da kanka, shafi ɗaya mai kyau tun daga fensir har tawada har kala har rubutun magana yakan cinye wa mutum yini guda cur, wani lokacin ma biyu, to shafi 200 fa, ga aiki ko makaranta ga hidimar gida? Abin da yake faruwa shi ne ka kai shafi na 30 hannunka ya gyaru, ka waiwaya ka ga shafi na 1 ya yi maka muni, ka koma ka sake shi, ka sake kaiwa 30 ka sake komawa, wankin hula ya kai ka dare ba ka fitar da komai ba. Fara da labari mai shafi 4 zuwa 8. Mutum ɗaya, matsala ɗaya, a warware ta ko ta gagara, shikenan. Mujallar 2000 AD ta Ingila, wadda take fitowa tun 1977, tana da wani sashe da ake kira Future Shocks, gajerun labarai ne 'yan shafi huɗu haka masu juyi a ƙarshe, kuma da irinsu take gwada sababbin hannu, manyan marubutan komik Alan Moore da Grant Morrison duk sun yi su a farkon aikinsu. In ka iya sa mutum ya damu da jaruminka cikin shafi huɗu to ka iya sana'ar, sauran tsawo ne kawai.

Yadda nake yin nawa shi ne in fara rubuta labarin a takarda, shafi kaza akwati kaza (akwati shi ne kowane hoto guda a cikin shafi), me ake gani, wa ya ce me. Daga nan sai in zana kowane shafi ɗan ƙarami kamar girman tafin hannu, ba ido ba hanci, sanduna ne kawai da da'ira, don in ga yadda ido zai bi shafin. A nan ake gyara, domin goge ɗan ƙaramin zanen minti biyu ba ya ciwo, goge shafin da ka kwana a kansa shi ne yake sa mutum ya ƙi gyara ko da ya san akwai kuskure. Akwati biyar ko shida a shafi ya isa yawanci. Kar ka cusa wa balan-balan ɗin magana kalmomi har su danne fuskar mai maganar, in ta haura kalma ashirin da 'yan kai ka raba ta biyu ko ka rage. Wanda ya fara magana ka sa shi a ɓangaren da ido yake fara sauka, in ba haka ba mai karatu zai karanta amsa kafin tambaya. Sannan akwai wata dabara da nake matuƙar so, duk abin mamakin da kake son ya girgiza mai karatu ka ajiye shi a shafin da sai an juya takarda za a gan shi, domin in ka sa shi a shafin da ke buɗe a gefe to ido ya riga ya sace kallo tun kafin a iso wurin. Idan ka gama, cire duk maganganun ka miƙa wa wani da bai san labarin ba, ka ce ya ba ka labarin abin da ya gani, ka rufe bakinka ka saurara. Duk inda ya ruɗe, nan ne aikinka bai fita ba.

Kai kuma marubuci da ba ka iya zane ba, taka hanyar ta fi tsauri, gara ka sani tun yanzu. Da wuya ka samu editan komik da zai zauna ya karanta rubutu zalla daga baƙo, saboda shafin da aka zana cikin daƙiƙa goma ya gane ko akwai hannu, rubutu kuwa sai ya ware lokaci. Dole ka nemo mai zane. Suna nan cike a Instagram da ArtStation da DeviantArt da zaurukan Reddit da aka buɗe don haɗa marubuta da masu zane. Amma don Allah kar ka je wa mutum da maganar "ka zana min kyauta in mun yi kuɗi mu raba," kai ka rubuta shafin cikin awa ɗaya shi zai kwana a kansa. Ko dai ka biya shi kuɗin kowane shafi gwargwadon yadda kuka daidaita, ko kuma ku zama abokan tarayya na gaskiya, sunansa a bango daidai da naka, mallakar labarin a tsakaninku, kuma ku rubuta a takarda ku sa hannu tun ana dariya, wa ke da me, in wani ya janye ya za a yi da shafukan da aka riga aka zana. Wannan ma wani dalili ne na fara gajeren labari, biyan shafi 6 abu ne da mutum zai iya tara kuɗinsa.

Rubutun cikin balan-balan kuwa kar ka raina shi, shi ne yake fara tona asirin ɗan koyo. Zane mai kyau da rubutu a karkace ya matse jikin layi, edita na gani ya san ba ka saba ba. Akwai haruffan kwamfuta da aka ƙera musamman don komik, shafin Blambot yana da wasu da yake bari masu buga nasu da kansu su yi amfani da su kyauta, ka dai karanta sharuɗɗansa. In da Hausa kake rubutawa ka gwada ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ka yi nisa, da yawa daga cikin haruffan nan ba su da su, za ka ga ɗan murabba'i ya fito a wurin harafin, sai dai ka canza ko ka zana lanƙwasar da hannu. Kayan aiki kuma ba sai masu tsada ba, Krita kyauta ce a kwamfuta, ibisPaint da MediBang suna aiki a waya, Clip Studio Paint ta kuɗi ce kuma ita ƙwararru da yawa suke riƙe da ita, fensir da tawada da takarda ma har gobe suna aiki in kana da inda za ka yi sikanin mai kyau.

To ka gama labari ɗaya, ko biyu, ko uku. Yanzu ina za a kai su?

Ƙofar da babu mai gadi ita ce intanet, kuma ni ita nake ce wa kowa ya fara bi. Webtoon, wani dandalin karanta komik a intanet, suna da ɓangaren Canvas inda kowa zai buɗe asusu ya ɗora labarinsa, Tapas ma haka, ga kuma shafinka na kanka ko Instagram. Su Webtoon labarin a tsaye ake jera shi don a riƙa ja da yatsa a waya, faɗin hoton digo (pixel) 800, don haka in kana da niyyar buga shi a takarda nan gaba ka zana shi da girma da tsarin shafi tukuna sannan ka yanyanka akwatunan ka jera su a tsaye, komawa daga tsaye zuwa shafi ya fi wahala nesa ba kusa ba. Babban abin da ke riƙe masu karatu a nan shi ne cika alkawari, in ka ce duk mako to duk mako ɗin, kuma kar ka fara fitarwa sai kana da kashi huɗu ko biyar a ajiye, saboda rashin lafiya da tafiya da mutuwar kwamfuta ba sa sallama. Watannin farko za ka ga mutum goma ne ke karantawa, wani lokacin ma ba su kai ba, wannan ba alamar komai ba ce, kowa daga nan ya taso. Ka tuna da mutumin Japan ɗin nan da ake kira ONE, a 2009 ya fara ɗora One-Punch Man a intanet da zanen da kowa ya yarda ba na ƙwararre ba ne, amma labarin ya kama mutane, har Yusuke Murata, wanda ya riga ya yi suna a zane, ya neme shi da kansa suka sake zana shi tare, kamfanin Shueisha ya fara fitar da shi a 2012. Masu karatu ne suka yi masa hanya. Kuma ko ba a kai can ba, ranar da za ka rubuta wa edita kana iya cewa ga labarina, ga inda yake, ga mutanen da ke bin sa, na yi wata kaza ban fasa fitarwa ba. Wannan jimlar ta ƙarshe tana da nauyi a wurinsu ƙwarai, domin babban tsoron edita shi ne ya ɗauki mutum ya kasa kawo aiki a kan lokaci.

Sai kamfanonin bugawa. Nan mutane da yawa suke ɓata lokacinsu tun tashin farko, su ɗauki labarin Spider-Man ko Batman da suka ƙirƙira su tura wa Marvel ko DC. Waɗannan biyun ba sa karɓar labarin da ba su nema ba, ba za a ma karanta ba, saboda gudun shari'a kar gobe wani ya ce an sace masa tunani, kuma jaruman nasu ne, su suke kiran wanda suke so bayan sun ga aikinsa a wani wuri. Inda ya kamata ka duba shi ne kamfanonin da ke buga labaran da masu su ke riƙe da mallakarsu. Image Comics misali, wanda wasu manyan masu zane irin su Todd McFarlane da Jim Lee suka kafa a 1992 bayan sun bar Marvel, suna da shafin karɓar aiki daga kowa. Abin da suke nema a bayyane yake, wasiƙar gabatarwa, taƙaitaccen labarin gaba ɗaya a shafi guda, aƙalla shafi biyar da aka gama da tawada da rubutun magana, da samfurin bango. Ba sa karɓar rubutu ba zane, ba sa haɗa ka da mai zane, kuma ba sa biyan kuɗin shafi, suna cire kuɗin ɗab'i da nasu ladan daga ciniki sauran naka ne, mallakar labarin ma taka ce. Sauran ƙananan kamfanoni kowa da tsarinsa, wasu suna buɗe ƙofa na wata ɗaya ko biyu su rufe, don haka aikinka ne ka riƙa leƙa shafukansu. Kuma in sun ce shafi biyar a fayil ɗin PDF to ka tura abin da suka ce ɗin, kar ka tura hotuna talatin a warwatse, yawancin abin da ake watsarwa tun kafin a karanta ana watsar da shi ne don mai shi bai bi ƙa'ida ba.

Bari in ɗan tsaya a kan taƙaitaccen labarin nan, don a nan na ga mutane masu hannu suna faɗuwa. Edita ba mai sayen littafi ba ne da za ka ja masa rai, kar ka rubuta masa "shin ko jarumar za ta tsira? sai ka karanta ka gani." Faɗa masa ƙarshen. Wace ce, me take so, me ya tare mata hanya, me ta yi, ya aka ƙare, fitowa nawa ne, shafi nawa, su wa kake ganin za su karanta, yara ne ko matasa ko manya. Kafin duk wannan ka iya faɗin labarinka a jimla ɗaya ko biyu, in ka kasa to wataƙila kai ma ba ka gama sanin labarin ba tukuna. Wasiƙar kuma gajera, ka ambaci wani littafi da kamfanin ya buga wanda ya sa kake ganin naka zai dace da su, kar ka cika baki da cewa wannan zai girgiza duniya, kar kuma ka ba da haƙuri kana cewa ni sabo ne a yi min uzuri. Shafukan su yi magana. Shafuka biyar ɗin su zama a jere suna ba da labari, har da wurin da mutum biyu ke zaune suna hira kawai, domin hoton jarumi ya tsaya ya ɗaga takobi kowa na iya zana shi, amma a sa hira a ɗaki ta yi rai, a ga fushi a kafaɗa da hannu, wannan shi ake dubawa.

Akwai kuma tarin gajerun labarai da ake haɗa mutane goma ko ashirin a littafi ɗaya, sau da yawa masu shiryawa suna sanar da neman labarai a fili kowa ya turo. Wallahi kar ka raina su. Nan ne za ka fara ganin sunanka a buge, ka koyi aiki da edita da wa'adi, kuma sauran mutanen da ke cikin littafin su ne sanayyar taka ta farko. In kuma dogon littafi guda kake da shi mai shafi ɗari da wani abu, musamman na yara da matasa, manyan kamfanonin littattafai yawanci ta hannun wakili suke karɓar aiki, shi wakilin kuma imel ake tura masa kamar kowa, ba sai da sanayya ba. Wakili na gaskiya yakan ɗauki kashi 15 cikin ɗari na abin da ya samo maka, bayan an biya, ba ya karɓar ko sisi a gaba. Manyan tarukan komik irin na San Diego a Amurka da na Angoulême a Faransa, da ƙanana da yawa a ƙasashe daban-daban, editoci kan zauna su duba aikin sababbi, in Allah ya ba ka ikon zuwa ɗaya ka tafi da shafukanka mafi kyau goma zuwa sha biyu, in ana maka gyara kar ka yi gardama, rubuta kawai ka yi godiya ka karɓi adireshin imel.

Hanya ta uku ita ce ka buga da kanka, kuma kar wani ya ce maka wannan hanyar waɗanda aka ƙi ce. A 1984 Kevin Eastman da Peter Laird sun buga fitowar farko ta Teenage Mutant Ninja Turtles da kansu, baƙi da fari, kwafi wajen 3,000, da kuɗin harajin da aka dawo wa Eastman da rancen da ya karɓa wurin kawunsa, sunan kamfanin ma Mirage, wato kawalwalniya, suka sa masa saboda babu wani ofis, a gida suke aikin. Roye Okupe, marubucin komik ɗan asalin Najeriya, shi ma da kansa ya fara fitar da littattafansa ta hanyar tara kuɗi daga jama'a a shafin Kickstarter, sai a 2021 kamfanin Dark Horse ya ƙulla yarjejeniyar littafi goma da shi, bayan littattafan sun riga sun samu masu karatu.

Sai dai bugawa tana da ƙa'idojinta da ba sa yafiya. Girman komik irin na Amurka inci 6.625 ne a faɗi da 10.25 a tsawo, ba dole ka bi shi ba amma ka tsayar da girman tun kafin ka zana shafin farko. Zanen da ya kai bakin takarda ka ƙara masa wajen milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum, magana kuma ka ja ta ciki sosai nesa da baki. Fayil ɗin kada ya gaza digo 300 a kowane inci, baƙi da fari ma gara 600. Kalar da kake gani a fuskar kwamfuta haske ce, ta takarda tawada ce, don haka sai ka mayar da fayil ɗin daga RGB zuwa CMYK ka duba, shuɗi mai walƙiya da kore shar sukan dushe. In da ƙusar waya za a ɗinke littafin a tsakiya to yawan shafuka dole huɗu ta raba shi, 24 ko 28 ko 32, saboda kowace takarda ɗaya in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa. Kuma kar ka taɓa yarda a buga da yawa ba ka riƙe kwafin gwaji a hannunka ba. Ni na taɓa tsallake wannan don sauri, wata maɗaba'a ta ce min ba matsala komai zai fito daidai, kwalin ya iso na buɗe da zumuɗi, shafi na 11 wuƙa ta cinye rabin kalmar ƙarshe a maganar da duk labarin ya dogara a kanta, ga dare da na yi da shuɗi mai duhu ya koma baƙi ƙirin ba a ganin fuskar kowa. Na daɗe zaune a ƙasa da littafin a hannu. Kwana uku da zan jira kwafin gwaji da sun tsare min wannan.

In ba ka da kuɗin buga da yawa akwai tsarin da sai an saya ake buga kwafi, irin KDP na Amazon da IngramSpark, ba ka tara kwalaye a ɗaki, amma kowane kwafi ya fi tsada musamman mai kala, ribar kaɗan ce, kuma sun fi dacewa da littafi mai kauri. Lambar ISBN mai lamba 13, wato lambar shaidar littafi, kana buƙatarta in kana son shagunan littattafai da ɗakunan karatu su ɗauka, KDP na bayar da tasu kyauta amma a wurinsu kawai take aiki. Kickstarter kuwa, wanda ya fara a 2009, tsarinsa ko duka ko babu ne, in ba ka kai adadin da ka sa ba ba a cire wa kowa kuɗi kai ma ba ka samun komai, in ka kai su ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su ɗauki wajen 3 zuwa 5. Ba daga kowace ƙasa ake iya buɗe kamfe ba, ka duba jerin ƙasashensu kafin ka ɗora buri a kai. Kuma ka sani Kickstarter ba ya kawo maka mutane, mutanen da ka tara a watannin da kake sakin labari kyauta su ne za su zo su sa kuɗi. Ka gama zana littafin, ko ka kusa, kafin ka karɓi kuɗin kowa. Sannan ka auna littafin a sikeli da ambulan ɗinsa ka san kuɗin aika shi ƙasashen waje, kuɗin aikawa ya sha cinye ribar mutane har su ƙara daga aljihunsu. Mai shago kuma in zai ɗauka yakan riƙe kusan rabin kuɗin da ke bango, ka sa wannan a lissafi lokacin da kake yanke farashi.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Ranar da wani kamfani ya ce yana so, murna za ta rufe maka ido, kuma wanda ba shi da kowa a harkar shi aka fi yi wa sakiyar da ba ruwa domin ba shi da wanda zai tambaya. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka ƙirƙiri Superman, suka sayar da shi kacokan a kan dala 130, kamfani ya yi ta kwasar dukiya su kuma suka shafe shekaru suna shari'a cikin talauci, sai a 1975 aka yarda a riƙa ba su dala 20,000 a shekara kowannensu aka mayar da sunansu a kan aikin. Matasa ne masu son a buga musu, kamar ni da kai. Haƙƙin mallakar abin da ka zana naka ne tun daga lokacin da ka zana shi, a ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka ba sai ka yi rajista ba, sa hannunka ne kawai zai raba ka da shi. Don haka ka karanta kwantiragi layi-layi. Shin aikin haya ne, a biya ka su mallaki komai, ko izinin bugawa kawai kake ba su? Na shekara nawa, a waɗanne ƙasashe, da waɗanne harsuna? Fim da katun da wasan kwamfuta da kayan wasan yara fa, suna ciki ko suna hannunka? In sun daina buga littafin yaushe zai dawo gare ka? Kuɗin kafin alƙalami nawa ne, kasonka na ciniki nawa ne, kuma daga farashin bango ake lissafawa ko daga abin da suka kira riba bayan sun cire duk abin da suka ga dama? Aikin haya ba laifi ba ne in jaruman wasu kake zanawa ana biyanka, amma labarin da ka haifa da kanka ka yi tunani sau goma. Nemi lauya ya duba ko da sau ɗaya ne, ko ƙungiyar marubuta, ko wani da ya taɓa sa hannu a irinta. Dandalin intanet ma da gasannin zane ka karanta sharuɗɗansu kafin ka danna amincewa, wasu gasannin duk abin da aka turo ya zama nasu ko ka ci ko ba ka ci ba. Wanda kuma ya yi ta yabon aikinka sannan ya ce ka kawo kuɗin tacewa da na talla kafin a buga, wannan ba aikinka yake so ba, kamfanin gaskiya shi ke biyanka. Biyan maɗaba'a ta buga maka daban ne, a nan kai ne mai littafi kuma kwafin duka naka ne.

Za a ƙi ka, sau da yawa ma ba za a amsa ba, wasu kamfanonin sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa in lokaci kaza ya wuce ba ka ji su ba to amsar ke nan. Ni ina da takarda guda da nake rubuta inda na tura da ranar da na tura da abin da aka ce, in sun ba da wa'adi ya wuce in tuna musu sau ɗaya cikin ladabi, daga nan in ja layi in wuce na gaba. In edita ya ƙi amma ya ɗauki lokaci ya rubuta maka layi biyu na gyara, ka riƙe sunansa da kyau, ka gode masa, bayan wata shida ka dawo masa da sabon labari da gyaran a ciki ka tuna masa cewa shi ne ya ce ka rage magana a akwatin farko. Kuma a daren da ka danna tura wancan, ka ɗauko takarda ka fara 'yan ƙananan zanen shafin farko na labari na gaba.